Na Yi Shelar Lokacin Da Ban Yi Ba, Kuma Ƙanina Ya Sani

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, shekarata 41, ina aikin gwamnati a Kaduna. Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce jinina ya hau, in rage tumbi in riƙa motsa jiki. Da tattaki na fara bayan sallar asuba, tattaki ya koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu, har na shiga ƙungiyar masu gudun nisa. Mu kusan talatin ne, muna da guruf a WhatsApp inda kowa yake saka sakamakonsa bayan gasa. Shugabanmu yana riƙe da jadawali mai sunan kowa da lokaci mafi kyau da ya taɓa yi.

Akwai wani yaro a ofishinmu ɗan shekara 29, Yaya yake ce mini. Ni na jawo shi gudu, takalminsa na farko ma kwancena ne. Cikin shekara biyu ya kamo ni ya wuce.

A watan Fabrairu muka je gudun fanfalaki na Legas, mai nisan kilomita 42. Burina in gama ƙasa da awa 4 da minti 30, tunda mafi kyawun da na taɓa yi 4:34 ne. Amma da aka tashi sai na ƙudura ba zai sha gabana ba, na cinye rabin farko a awa 2 da minti 1. Wajen kilomita 31 cinyata ta ɗaure, na zube a bakin titi. Nan ya iske ni, ya tsaya ya matsa mini ƙafa, ya ba ni ruwansa, sai da na kore shi sannan ya tafi. Ya gama a 4:11. Ni kuwa na ja ƙafa na gama a 4:41. To agogona yana tsayawa da kansa in na tsaya, saboda haka 4:27 ya nuna. Hotonsa na ɗauka na saka a guruf, na rubuta “Alhamdulillahi, an karya tarihi.” Aka yi ta barka, shugaba ya ba ni kyautar riga, aka ɗaga sunana a jadawali na tsallake mutum biyu, ɗayansu dattijo ne mai 4:31. Yaron bai ce komai ba, “Barka Yaya” kawai ya rubuta.

Tun daga ranar ba na iya haɗa ido da shi, har haushinsa nake ji ban san dalili ba. Na koma gudu kullum ba hutu don in yi 4:27 ɗin da gaske kafin asiri ya tonu. Na sayi takalmi mai tsada. Yanzu ƙwaurina na dama yana ciwo a wuri ɗaya, sai na sha maganin kashe zafi nake iya fita. Maiɗakina ta ce gudun da ya saukar mini da jini shi zai mayar da shi sama, kuma na zama mafaɗaci a gida. Malam, ƙarya na yi, alhali abin da agogo ya nuna na saka? In faɗi gaskiya, ko in fice daga guruf ɗin, ko in yi shiru har in cika lokacin?

Mai gudu, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, sannu da gudu. Mutumin da cinyarsa ta ɗaure a kilomita 31, ya yi minti 14 a zaune a bakin kwalta cikin zafin Legas, sannan ya miƙe ya ja sauran kilomita 11 har layi, ya cancanci sannu ta gaske. Abin takaicin, wannan sannun ce ka hana kanka. An yi maka barka a kan abin da bai faru ba, abin da ya faru kuwa, wanda ya fi shi wuya nesa ba kusa ba, mutum ɗaya ne kawai ya san shi. Ka kuma yafe ni, sai da na yi murmushi a tsakiyar wasiƙarka. Ɗaya sunan da Bahaushe ya ba wannan gudu shi ne yada-ƙanin-wani. Kai kuwa ƙanin ne ya yar da kai, kuma sai da ya tsaya ya yi maka tausa tukuna.

Ka tambaya ko ƙarya ka yi. E, ƙarya ce, kuma ina jin ka san amsar tun kafin ka rubuto, don mai gaskiya ba ya gudun ido. Agogo bai yi ƙarya ba, aikin da aka saita shi ya yi: ya ƙirga mintocin da ƙafarka take motsi. Kai ne ka ɗauki ƙirgar ka raɗa mata sunan da ba nata ba. Masu shirya gasa lokaci iri biyu suke rubutawa. Ɗaya daga harbin tashi yake farawa, ɗayan kuma daga sa'ar da ka taka shimfiɗar layin farko, wadda take karanta 'yar na'urar da aka maƙala a bayan lambar ƙirjinka. Na biyun ne masu gudun sha'awa irinmu suke ɗauka a matsayin nasu, tunda a cikin dubban mutane na baya zai iya ɓata mintoci kafin ya iso layin tashi. Amma ko wanne ka ɗauka, shan ruwa da shiga banɗaki da ɗaure igiyar takalmi da zaman bakin titi duk a ciki suke. Manhajoji irin su Strava ma lamba biyu suke nunawa, lokacin motsi da lokacin da aka ɗauka gaba ɗaya, saboda wannan bambancin.

Masu wannan harka ba sa wasa da lokaci. A watan Oktoban 2019, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya cinye kilomita 42.195 a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Da ƙafarsa ya yi, duniya tana kallo, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Duk da haka hukumar guje-guje ta duniya ba ta rubuta shi a matsayin tarihi ba, domin ba gasa ba ce: ayarin masu gudu ne suke shiga suna fita suna tare masa iska, mota tana gabansu tana haska musu saurin da za su bi, ana miƙo masa abin sha daga kan keke. Abin da aka rubuta masa shi ne na gasar birnin Balin na ƙasar Jamus, 2:01:39 a 2018, sannan 2:01:09 a 2022. In an hana Kipchoge lokacin da ya yi da gaske don sharaɗi bai cika ba, ka ga 4:27 ɗinka ba ta da mazauni a jadawali.

Sai dai kada ka kai abin inda bai kai ba. Ba ka yanke hanya ba, ba ka ba wani lambarka ya yi maka gudu ba. A 1980 wata mata mai suna Rosie Ruiz ta faɗo cikin gasar fanfalakin birnin Boston na Amurka daf da ƙarshe, aka naɗa ta gwarzuwar mata, bayan kwana takwas aka ƙwace kambin aka ba mai shi. Wannan shi ne ha'incin da yake bin mutum har kushewa. Taka ƙaryar gajiya ce, irin wadda ake yi da gishirin zufa a fuska, ƙafa na rawa, kunya na cin rai. Ni kaina na yi shekara ina ce wa mutane na yi kilomita 21 a awa biyu da 'yan kai, 'yan kan nan kuwa minti 19 ne. Amma taka tana da wanda ta cuta, dattijon nan mai 4:31. Allah kaɗai ya san asubahi nawa ya yi sammako kafin ya samu wannan lambar, ka zo ka hau kansa da mintocin da ka yi a zaune. Haƙƙinsa ne, ko da bai sani ba, ko da jadawalin na nishaɗi ne.

Bari in ajiye maganar guruf in taɓo abin da ba zai jira ba. Ƙafarka ta fi ƙaryar tayar mini da hankali. Ciwon ƙwauri iri biyu ne a wurin masu gudu. Akwai mai bazuwa a tsawon ƙashin ta ciki, ya yi zafi in an fara, ya lafa in jiki ya ɗumama. Wannan hutu da rage nisa sukan yi maganinsa. Akwai kuma wanda za ka ɗora yatsa ɗaya a kai ka ce nan ne, yana ƙaruwa in ana gudu, wani lokaci har a tafiya ko cikin dare. Wannan na biyun yakan zama alamar tsagewar ƙashi, 'yar siririyar tsaga da take zuwa in ana dukan ƙashi kullum ba a bar shi ya gyara kansa ba. Kai ka ce a wuri ɗaya yake, ka kuma ce tun da ka dawo daga Legas ba ka huta ba. Ni ba likita ba ne, amma wannan ya ishe ni in ce ka rataye takalmin daga yau har sai likitan ƙashi ya duba ka. Ka sani hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsaga a makonnin farko, saboda haka in hoto ya fito lafiya amma ciwo yana nan, ka koma ka faɗa, kada ka ɗauka an sallame ka. In tsaga ce, yawanci mako shida zuwa takwas ake yi ba gudu, wani lokaci fiye. In aka yi taurin kai ta zama karaya, maganar watanni ake yi.

Maganin kashe zafin nan ma ka daina shan sa don ka fita. Ciwo ɗan aike ne, toshe masa baki ba ya canza saƙon. Ga shi irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda su aka fi miƙo wa mutum a kemis, suna iya ɗaga jini, suna rage ƙarfin wasu magungunan hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman in jiki ya zubar da ruwa ta zufa. Ka faɗa wa likitan da yake duba jininka sunan abin da kake sha da yawan kwanakin da ka yi kana sha.

Da wannan, shawararka ta yin shiru har ka cika lokacin ta faɗi. Ko da ƙafar lafiyarta lau ma ba ta da amfani. In ka yi 4:27 baɗi, ta baɗi ce, ba za ta dawo ta wanke ta bana ba. Ranar da ka yi ta da gaske kuma ba ka da bakin murna, tunda a wurin jama'a ka riga ka yi. Ka ci bashin murnarka ka kashe tun ba ta zo ba. Sannan yadda ka ga 4:41 ɗinka a sakamakon gasa, haka duk wanda ya so zai gan ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa ko murfi ba shi da shi. Ficewa daga guruf ita ma ba mafita ba ce. Yaron a ofishinku yake, gobe da safe za ku haɗu a bakin ƙofa. Mutanen nan talatin kuma su ne suke fito da kai daga bargo ranar da hunturu ya buso. Mai hawan jini ba ya yar da irin wannan jama'a a kan minti 14.

To sai yaron. Ka ce haushinsa kake ji ba ka san dalili ba. Dalilin a fili yake: shi ne shaidar da ba ka so a ce akwai. Ya gan ka a ƙasa, ya ga hoton agogo, ya gane, ya yi gum. Sau da yawa mutum ya fi jin nauyin wanda ya rufa masa asiri a kan wanda ya tona, domin wanda ya tona ka samu abokin faɗa, wanda ya rufa kuwa kullum ji kake yana bin ka bashi. Amma dubi abin ta wajensa. Yaro ne mai ganin girmanka, ba zai buɗe baki cikin mutane ya ce Yaya ba haka aka yi ba. Ya ba ka mintocinsa a ranar da kowane mai gudu yake rowar daƙiƙa. Da bai tsaya ba da lambarsa ta fi haka kyau. Tukwicin da ya samu shi ne Yayansa ya koma amsa gaisuwa a daƙile. Ina kyautata zaton yanzu haka tambayar kansa yake laifin me ya yi, ko wuce kan ne laifin.

Shi za ka fara yi wa magana kafin guruf, kuma baki da baki. Ka ja shi wurin mai shayi bayan an tashi daga aiki. Ba sai ka yi huɗuba ba. Ka ce, “Ƙanina, ranar Legas ka tsaya mini, ban yi maka godiyar da ta kamata ba. Lokacin da na saka kuma ba nawa ba ne, ka sani, na sani. Zan gyara.” Zai ce haba Yaya ai ba komai, ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi, ya fi ka jin kunya. Ka bar shi ya faɗa, kada ka tsawaita. Girmanka a idonsa ba daga 4:27 ya zo ba, tunda shi kaɗai ne bai taɓa yarda da ita ba, kuma bai daina ce maka Yaya ba.

Akwai sauran abu a ƙarƙashin haushin, gara mu kira shi da sunansa: kishi. Malamai sun raba tsakanin hassada, wato ka so ni'ima ta gushe daga ɗan'uwanka, da abin da suke kira gibɗa, wato ka so irin abin da ya samu ba tare da ya rasa nasa ba. Ban ga hassada a tare da kai ba, ai kai ka kore shi ka ce ya tafi. Abin da yake cin ka shi ne wanda ka koya wa ɗaurin takalmi ya bar ka a baya. Wannan ciwo duk mai koyarwa ya san shi, daga malamin allo har mai garejin da yaronsa ya fi shi jin kukan inji. Ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi. Daga baya, da ta yi jiki, suka sake ya wuce ta, ya ce mata wannan ramuwar waccan ce. An wuce wanda ya fi kowa, abin bai zama abin ɓoyo ba, har labarin ya iso gare mu. Shekara 12 ne kuma tsakaninka da yaron, shi ya sa a manyan gasa ake raba sakamako rukuni-rukuni na shekaru. Ba cewa nake ka tsufa ba. Kipchoge yana da shekara 37 ya yi 2:01:09, kuma wanda ya fara gudu a makare yakan yi shekaru yana ƙara sauri. Sai dai abokin tserenka na gaskiya 4:34 ce, ita aka rubuta a gaban sunanka kafin Legas.

Bayan shayin, a daren ranar, ka rubuta wa guruf. Gajere: “Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina da gyara. Lokacina na Legas 4:41 ne. 4:27 da na saka ta agogo ce, ba ta ƙirga minti 14 da na yi a zaune da cinyata ta ɗaure ba, kuma na san haka lokacin da na saka. A yi mini afuwa. Shugaba a mayar da ni 4:34. Ina godiya ga ƙanina da ya tsaya mini.” Jimlar “na san haka” ita ce mai ɗaci, za ka ji kamar ka goge ta ka ce kuskuren agogo ne. Kada ka goge. In ka ɗora wa agogo laifi, sabuwar ƙarya ka yi, ka kuma sake ba yaron wani sirrin ya riƙe maka. Dattijon ka kira shi a waya ka ba shi haƙuri da bakinka. Rigar ka kai wa shugaba, in ya ce ka riƙe sai ka riƙe. Za a tsokane ka, wannan ba makawa. Wani zai raɗa maka Mai-agogo, a yi mako biyu ana yi, ka taya su dariya. Kada ka yi mamaki in mutum ɗaya ko biyu suka biyo ka ta bayan fage suka ce su ma agogonsu yana da irin wannan hali.

In ka ga shelar ta fi ƙarfinka, akwai hanya ta biyu: ka faɗa wa shugaba shi kaɗai ya gyara jadawali, ka kira dattijon. Ta sauke haƙƙi, amma ba ta kai ta farko ba, don mutane za su ga lamba ta canza su tambaya, labarin ya fito daga bakin wani, da gishirin da ya ga damar sa masa. Ko wacce ka bi, in ƙura ta lafa ka ba shugaba shawara jadawali ya riƙa karɓar sakamakon masu gasa kaɗai, hoton agogo a bar shi na atisaye.

Yanzu bari mu duba gudun kansa, don ina ganin 4:30 ɗin nan tana jikinka, kai ka zubar da ita tun da sassafe. Mai neman 4:30 minti 6 da daƙiƙa 24 yake yi a kowace kilomita, ya iso rabin hanya a 2:15. Kai ka iso a 2:01, wato kusan minti 5 da daƙiƙa 45 kake yi. Lissafa ka gani: minti 14 ka ara a rabin farko, minti 14 ka biya a zaune, sannan ka biya kuɗin ruwa a kilomita 11 da ka yi kana jan ƙafa. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, ajiyar da takan yi ƙasa wajen kilomita 30 zuwa 35, wanda ya fara da wuta kuwa ya fi saurin cinye tasa. Ɗaurewa ma ta fi kama tsokar da aka tilasta wa saurin da ba ta saba ba. Ga kuma Legas. Kai a hunturun Kaduna ka yi atisaye, asubahi mai sanyi, iska busasshiya, zufa na fitowa tana bushewa tana sanyaya ka. Can iska a jiƙe take, zufa ba ta bushewa, zafi yana taruwa a jiki, zuciya tana ƙara bugu a kan saurin da a gida ba ka jin sa. Gadar Third Mainland kaɗai kusan kilomita 12 ce ba inuwa. Manyan 'yan gudu suna gamawa a awa biyu da 'yan mintoci kafin rana ta yi ƙarfi, masu awa huɗu da rabi su suke kwasar ranar. Ba banza ba ake kafa manyan tarihi a Balin da Chicago cikin Satumba da Oktoba, a sanyi da shimfiɗaɗɗiyar hanya. A Chicago ta Amurka Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya yi 2:00:35 a 2023. Yaron bai fi ka da ƙafa kaɗai ba, ya fi ka iya rabon ƙarfi.

Saboda haka in likita ya sake ka, ka dawo a hankali. Kwana uku ko huɗu a mako sun isa, mafi yawansu a saurin da za ka iya hira da na kusa da kai ba ka haki. Nisa a ƙara shi kaɗan-kaɗan, masu horarwa sukan ce kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Dogon gudu ɗaya a ƙarshen mako, in gasa ta matso ka jinkirta wasu zuwa hantsi don jiki ya san zafi, da ruwa a hannu, da kuma yardar likitanka. Ka shiga saitin agogo ka kashe tsayawar nan tasa. Tarihi kuma ba a fanfalaki kaɗai yake ba, akwai na kilomita 5 da 10 da 21, waɗanda ba sa cin jiki kamarsa. Takalmi mai tsada yana taimakawa kaɗan, amma ba ya sayen minti 14. Abebe Bikila ɗan Habasha ba takalmi ya ci fanfalakin Olamfik na birnin Rum a 1960, a awa 2 da minti 15. Ba cewa nake ka tuɓe naka ba. In kana son shawarar da ta fi duk waɗannan, ka roƙi yaron ya riƙe maka sauri a dogon gudu, ya hana ka wuce 6:24 ko ka yi fushi. Zai ji daɗin roƙon fiye da yadda kake tsammani.

Maiɗakinka kuma gaskiya ta faɗa. Ina jin ba ta san labarin agogon ba, hayaƙi kawai take gani ba ta san inda wutar take ba. Ka faɗa mata, tun kafin ka faɗa wa guruf ma. Wata ƙila ta yi maka dariya, wata ƙila ta ce dama a kan wannan ne aka hana mu sakat a gidan nan, duk ka shanye. Ita ta ga ranar da ka dawo daga asibiti da takardar hawan jini, ita ta jure fitar asuba ta shekara huɗu, ba gudun take ƙi ba, mutumin da yake dawowa daga gudun ne ya canza mata. Ka ba ta haƙuri a kan faɗan, ka faɗa mata kuɗin takalmin in ba ta sani ba, ku kuma yanke tare ranakun fita da ranakun da asubahinka ta gida ce. Makonnin hutun nan za su yi maka wuya, wanda ya saba gudu in aka zaunar da shi ƙaiƙayi yake ji. Ka kashe ƙarar guruf ɗin in ganin sakamakon wasu yana ingiza ka, ka tambayi likita ko zai bar ka ka hau keke ko ka yi iyo, ka kuma riƙa auna jininka kana rubutawa.

Gobe ka nemi ganin likita, da dare ka zauna da ita, jibi kuma shayi. Ka rubuto mini bayan haka, ina so in ji abin da hoton ya nuna, da kuma sunan da 'yan guruf suka raɗa maka.